Ba kowane minshari ne hutu ba: masu sankara da ɗaukewar numfashi cikin barci

Alhazai ƴan kasuwa, ƴan uwana ma'aikata, iyaye mata, na gode da kuka bar rumfuna da wuraren aiki kuka halarci wannan zama.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sankara ya san daren gidan likita: tabarma a ƙasa, buta a gefe, ido biyu har asuba. Idan maras lafiya ya soma minshari, sai mai jinya ya ce alhamdu lillahi, yau dai ya samu barci. Wannan minsharin nake so mu kasa wa kunne, domin sau da yawa kokawa ce da numfashi.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da gindin harshe sukan saki. Ga wasu, sakin yakan toshe hanyar iska. Ƙirji na ja, iska ba ta shiga, har daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijan ta ragu cikin jini, mutum ya zabura da shaƙewa, ya ja numfashi, ya koma barci ba tare da ya sani ba. Likitoci na ƙidaya yawan faruwar haka cikin awa guda: daga sau 5 ciwo ne, daga 15 matsakaici, daga 30 ya yi tsanani. Da Faransanci ana ce masa “apnée du sommeil”. A 2019 masana sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 936, ƴan shekara 30 zuwa 69, ke fama da shi a duniya.

To, yaya yawansa yake ga masu sankara? A Jamus, cikin 2018, an auna barcin mutum 100 da aka gano musu sankarar huhu, aka samu 49 na da shi. A Spaniya, cikin 2019, daga mutum 60 masu wannan sankarar, 8 cikin kowane 10 ne aka samu, kuma rabin dukansu nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani. A Kanada, cikin 2005, daga mutum 17 masu sankarar baki da maƙogwaro, 13 ne. Waɗanda aka auna ba su da yawa, alƙaluman kuma sun bambanta, amma duka alƙibla guda suke nunawa: ciwon ya yawaita ƙwarai a tsakaninsu.

Dalilai uku ne. Na farko, ƙari a baki ko maƙogwaro yana ƙuntata hanyar iska, kuma fiɗa da gashin haske da ake yi don kashe shi sukan bar kumburi da tabo. Na biyu, cututtukan biyu rijiya guda suke shan ruwa: yawan shekaru, ƙiba, taba da barasa. Na uku shi ne wanda masana ke gardama a kansa. A 2012, a Basalona, an ga ƙari ya fi saurin girma a jikin ɓerayen da ake rage wa oksijan ana mayarwa. A shekarar kuma, a jihar Wiskonsin ta Amurka, bayan an bi lafiyar ma'aikatan gwamnati 1,522 har shekara 22, an ga haɗarin mutuwa da sankara ya kusa ninka sau 5 ga masu ɗaukewar numfashi mai tsanani. Amma a 2014 wani binciken Kanada kan mutum fiye da 10,000 ya nuna alaƙar ta dushe da aka yi la'akari da shekaru, ƙiba da shan taba. Saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce minshari ke kawo sankara.

Abin da ba gardama a kansa shi ne illar da ciwon ke yi idan ya ɓuya. Kasala, gyangyaɗi da rana, ciwon kai da safe, duka akan ɗora wa sankara da magungunanta, alhali wani kaso nasu na da magani dabam. Yana ƙara hawan jini, yana gajiyar da zuciya. Mafi haɗari, morfin da tramadol da ƙwayoyin sa barci suna raunana numfashi, haka ma allurar barci ta fiɗa. Likitan da bai san numfashin majinyacinsa na ɗaukewa da dare ba, cikin duhu yake auna magani.

Magani akwai. Tun 1981 Colin Sullivan, a Sidni ta Ostareliya, ya fito da na'urar da ke hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Sai dai tana da tsada, kuma tana son wutar lantarki kowane dare. Kun fi ni sanin ma'anar wannan. Kwanciya a gefe maimakon rigingine, barin taba da barasa, da rage ƙiba ga wanda likita ya yarje masa, suna taimakawa ba da ko dala ba.

A 2021 aka buɗe sashen gashin haske a cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara a Yamai. Wanda ya gama jinya can zai koma Maraɗi, Damagaram ko Tawa, kuma barcinsa zai bi shi. Ina kira ga hukumomin lafiya da su sa tambaya uku cikin takardar kowane mai sankara: yana minshari mai ƙarfi? An taɓa ganin numfashinsa ya tsaya? Yana gyangyaɗi da rana?

Ku kuma masu jinya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita na ganin majinyaci ƴan mintoci da rana, ku ke kwana da shi. Idan minshari ya yanke, shiru ya biyo, sannan ya zabura yana haki, ku ƙidaya, ku faɗa wa likita kafin fiɗa, kafin kuma a ƙara maganin zafi. Kada ku tsayar da wani magani da kanku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.