DAƁEN GAREJI DA SITO: A DUBA ƘASA KAFIN A SAYI FENTI

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, mai sayar da kayan gini, ya gabatar a taron 'yan kasuwa da masu sana'a da aka yi a Sabo, Badun. Mun buga shi ne saboda roƙon waɗanda ba su samu halarta ba.



Da sakatare ya faɗi abin da zan yi magana a kai, na hangi wasu suna murmushi, wai duk abubuwan da ke damunmu a Kurmi a rasa na tattaunawa sai daɓe. To, jama'a, ku yi mini haƙuri kaɗan. Duk wanda ke zaune a nan, dukiyarsa a ƙasa take kwana. Mai wake a ƙasa yake jibge buhunansa, mai taya haka, bakanike kuwa a ƙasan yake kwanciya ya shiga ƙarƙashin mota. In ƙasan nan ta lalace, abin da ke kanta ma ya kama hanyar lalacewa.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina faɗin abin da ban ɗanɗana ba. Shekarun baya na gina sito haɗe da ɗan gareji a wajen Ojoo. Birkila ya zuba kankare, ni kuwa ina ɗoki, ga kaya na tafe a hanya. Kwana goma ba su cika ba na kira mai fenti. Ya ce, "Alhaji, a ɗan jira." Na ce ba ni da lokaci. Shi kuma da ya ga kuɗi bai sake musu ba, ya shafe wurin tas, yana ƙyalli kamar faranti, har maƙwabta suna leƙowa kallo. Damina na sauka sai fentin ya fara yin ƙuraje kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. In ka huda ɗaya sai ruwa ya fito. Mota ta shiga ta kwana, da safe tayoyinta suka ɗebe fentin suka fita da shi. Abin da ya fi ciwo, buhunan simintin da ke jerin ƙasa duk suka daskare suka zama dutse. Kuɗin fenti ya tafi, kuɗin aiki ya tafi, kaya sun tafi, sa'an nan na sake biyan wasu suka kankare abin da ya rage. Ban ga laifin kowa ba kamar nawa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ƙasar nan ba irin ta gida ba ce. A gida iyayenmu mata kan zuba tsakuwa da marmara, su yi ta bugu da madaɓi, su yayyafa ruwan makuba, daɓe ya yi shekara da shekaru bai ce uffan ba. Dalili kuwa, damina a Kano wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara ƙasa a bushe take ƙayau. Nan Badun fa? Ruwa kan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, in ban da ɗan sararawa a Agusta. Ƙarƙashin ginin nan da muke zaune a ciki, da wuya ya bushe sarai.

Shi kuma kankare, ko da yake kuna ganinsa kamar dutse, ɗabi'arsa ɗaya da randa. Kun san yadda randa ke tsatsafo da ruwa ta jikinta. To haka kankare yake zuƙo laima daga ƙasa ya fitar da ita ta sama. In ba a shafa masa kome ba, iska ta kwashe, ba ka ma sani ba. Amma ranar da ka rufe fuskarsa da fenti, laimar ta rasa hanya, sai ta taru ta ɗaga fentin. Shi ke nan asirin. Saboda haka duk tsadar abin da za ka shafa, ƙarkonsa yana ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Wanda zai yi sabon gini, shi ne mai sa'a, don gyaran tun daga tushe yake. Da farko a ɗaga daɓen ya fi titi tudu. Dattawa ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, ta Agustan 2011 kuwa yawancinmu mun gani da idonmu. A cika da jar ƙasa a danne ta sosai, ba a zuba yau a hau gobe ba. Sa'an nan a shimfiɗa leda mai kauri a duk faɗin wurin kafin a zuba kankare, bakin kowace ya hau kan 'yar uwarta, kuma kada a bari a huda ta. Ledar nan ita ce mafi araha a duk kayan aikin, ita ce kuma aka fi yin ƙwauronta. Kaurin kankare kada ya gaza inci 4 inda ƙananan motoci za su shiga, in kuwa manya ne to inci 6 ko fiye, da ragar ƙarfe a ciki. Awon da aka saba shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Ku tsaya a kan ma'aikata kada su cika ruwa, don su sauƙin shebur suke nema, alhali ruwa in ya yi yawa kankare ba ya ƙarfi, daga baya sai ya riƙa tashi kamar gari. A ɗan karkata shi wajen ƙofa yadda ruwan wanki zai fita da kansa. Bayan an zuba a riƙa ba shi ruwa har kwana 7, kuma kada a shafa masa kome sai ya cika kwana 28 aƙalla. In da damina ne a ƙara masa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kun ga aikin da za a yi sau biyu ba na mai ƙaramin jari ba ne.

Amma na san yawancinmu tsohon daɓe muka tarar. To ga gwaji uku da kowa zai iya yi da hannunsa, ba sai ya kira injiniya ba.

Na ɗaya, ka yanko leda mai kamar ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe, ka manna ta a ƙasa da salatif, ka toshe bakinta ko'ina, ka bar ta awa 24. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, to akwai laima, kada ka shafa fenti. Ka yi gwajin a kusurwa biyu ko uku, kuma da damina, don gwajin rani yana iya yaudararka.

Na biyu, ka ɗiga ruwa. In ƙasa ta shanye, fenti zai kama. In ya tsaya ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, to baƙin mai ko giris ya riga ya shige, kuma babu abin da zai manne a wurin sai an wanke da sabulun cire maiƙo an gurje.

Na uku, ka ja ƙusa a kai, ka kuma bi shi da guduma kana ƙwanƙwasawa. In ƙusa na tayar da gari, ko ka ji wani wuri yana amsawa kamar ganga, saman ya mutu. A fasa a sake shi ne magani. Shafa fenti a kansa kamar ɗinka sabon yadi ne a jikin tsumma.

Yanzu sai mu zo ga abin da za a shafa. Mafi araha shi ne fentin ƙasa na gwangwani ɗaya, irin ja ko toka-toka da muke sayarwa. Ni mai sayar da shi ne, amma gaskiya ɗaya ce: kaurinsa bai wuce na takarda ba. Ya isa ofis ko shagon tela, inda ƙafa kaɗai ke takawa. A gareji kuwa taya mai zafi tana ɗaga shi, man birki yana narkar da shi, sai ka riƙa sabuntawa kusan kowace shekara. Araha ba ta ado.

Sai tayil. Yana da kyan gani da sauƙin wanki, ya dace da kemis da shagon kayan masarufi. Amma jak ya hau kansa da nauyin mota, ko ƙarfe ya faɗo, sai ya tsage, balle in birkila ya bar rami a ƙarƙashi. In mai ya zuba a kai kuwa, santsinsa sai ya karya mutum.

Sai tarazo, wanda kuke gani a tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati. Wannan kam ya nuna ƙarkonsa, don wasu sun girmi yawancin waɗanda ke ɗakin nan, kuma laima ba ta ɗaga shi yadda take ɗaga fenti, tun da shi ma da siminti ake haɗa shi. Aibinsa, ruwan batir yana cin sa, kuma masu iya shi da injin gogewa sun ragu.

Sai wanda ake yayi yanzu, wato ifoksi. Gwangwani biyu ne, ɗaya ruwan, ɗaya mai daskarar da shi, sai an haɗa su yake aiki. In ya samu ƙasa busasshiya wadda aka gurje da inji, babu kamarsa wajen jure mai da giris da wanki, ƙura kuma ba ta tashi. Akwai na shafawa da rola, akwai mai kauri da ake zubawa ya kai milimita 2 zuwa 3. Amma ku san halinsa. Shi ya fi kowa ƙin laima. Rana tana mayar da shi rawaya, saboda haka inda rana ke bugu sai an bi samansa da wani da ake kira foliyuritan. In ya jiƙe yana da santsi, sai an barbaɗa yashi mai tsabta a shafin farko kafin a rufe da na biyu. Tartsatsin walda kuma yana ƙona shi ya bar tabo.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a cika tallarsa ba don ba ya ƙyalli, wato a bar kankaren yadda yake a ƙara masa tauri. Akwai hoda da ake barbaɗawa tun yana ɗanye a goge ta da cokalin birkila ko inji, akwai kuma ruwan magani da ake zuba wa tsohon daɓe ya shige cikinsa ya hana shi yin gari. Tun da ba fata ya yi a sama ba, babu abin da zai ɓamɓare, laima kuma tana samun hanyarta. Sai dai baƙin mai zai bar masa alama.

To wanne za ka zaɓa? Sana'arka ce za ta gaya maka. Mai walda da maƙeri da mai gyaran manyan motoci, ku riƙe kankare mai tauri, ku sa faranti ko garin katako inda ake juye mai, ku sa katako ƙarƙashin jak. Mai gyaran ƙananan motoci a cikin rufi, da mai sayar da sabbin kayan gyara, in gwajin leda ya fito a bushe, ifoksi zai biya ku. Mai cajin batir ya ware kusurwa ya shimfiɗa roba mai kauri, don ruwan batir ko siminti ba ya bari. Masu hatsi da albasa da goro da siminti kuwa, kome kuka shafa, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. A jera katako a ɗora a kai, iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Gishiri da takin zamani su ma suna cin kankare a hankali, a kula.

In ka yanke shawarar yin ifoksi, ka bari sai rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, amma a kare wurin daga ƙurar hunturu har ya bushe. A gurje ƙasa da inji, mai gurzar ya rufe hancinsa don ƙurar siminti tana illa ga huhu. A cike tsaga, a share tas. A bi awon da aka rubuta a jikin gwangwani daidai, kada a yarda wani ya ƙara tina don ya yalwata. A riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, don da zarar an haɗa, abin da ke gare ka bai fi minti 30 zuwa 40 ba, da zafin rana ma bai kai haka ba, sai ya daskare a bokiti. A bar iska tana shiga, kada a kunna wuta ko taba a kusa. Bayan awa 24 mutum na iya takawa, amma mota sai bayan kwana 7. Wanda ya kasa haƙurin mako ɗaya, ya tuna da labarina.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafe mu musamman mu mazauna. Da yawanmu haya muke yi. Daɓe kuwa ba kaya ba ne da za ka naɗe ka sa a mota ranar da aka ce ka tashi. Mun sha ganin wanda ya gyara wuri ya yi kyau, shekara na zagayowa mai gida ya ƙara masa kuɗi saboda gyaran da shi ya yi da aljihunsa. Kafin ka kashe kuɗi mai nauyi, ku zauna da mai wurin, a rubuta shekara nawa za ka yi, da ko za a cire kuɗin gyaran daga haya, a sa hannu gaban shaidu daga ɓangarensa da naka. In ya ƙi, yi ɗan abin da zai raba kayanka da laima ka tsaya nan. Haka shi ma ɗan kwangila, ya nuna maka wurin da ya yi wanda ya ga damina biyu, ka je da ƙafarka ka gani, don zuwa da kai ya fi saƙo. A rubuta sunan kayan da adadin shafi, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗinsa sai aiki ya bushe ka duba.

Jama'a, na ɗauki lokacinku da yawa. Abin da nake roƙo, kowa in ya koma wurin sana'arsa ya nemi 'yar leda da salatif ya manna a ƙasa, jibi in mun haɗu a kasuwa ya gaya mini abin da ya gani. Inda na yi kuskure, akwai birkiloli da masu fenti a cikinmu, sai su gyara mini. Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mana dukiyarmu.