Jawabi Ga 'Yan Mubi Mazauna Ikko: Wa Kamfanin Gine-gine Ke Jin Tsoro?



Da yawa daga cikinku kun yi aikin lebura ko birkila a nan Ikko da Badun, saboda haka kun fi ni sanin halin ɗan kwangila. Ba ya rubuta gaskiyar ɓarnar da aikinsa zai yi wa ƙasa da ruwa sai in akwai wanda yake shakka zai karanta takardar.

Ku tuna Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar ruwan a 1978, gonaki suka nutse, fadamun da ke ƙasa da ita suka rasa ambaliyar da ke ciyar da su. A lokacin babu dokar da ta tilasta a bayyana wa manoma haka tun kafin a fara. Da suka tashi neman diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta.

Dokar ma ba don tausayinmu ta zo ba. Sai da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988, duniya ta ji, kunya ta kama gwamnati, sannan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka yi dokar soja mai lamba 86, wadda ta ce kafin babban aiki sai an rubuta rahoton illarsa, an kuma ajiye shi jama'a su duba har kwana 21 na aiki. In kuɗin Bankin Duniya ne, za ku ga rahoto mai kauri, domin mai ba da bashi yana tambaya. In kuwa mai ba da kwangila ba ya tambaya, shugaban kamfani ma bai damu ba, sai a cika takarda a ofis.

To, mu koma gida. Mubi tana gindin duwatsun Mandara, ruwan damina na gangarowa da ƙarfi zuwa kogin Yadzaram. Kwalbati ɗaya da aka ƙuntata, ko ramin da aka ɗebi jar ƙasa aka bari, ya isa ya zama kwazazzabon da zai ci gidan da kuka shekara goma kuna aika kuɗin gininsa.

Don haka ina roƙon wannan taro ya rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu: duk rahoton da aka kawo, a sanar da ranar ajiye shi, a kuma karanta wa masu unguwanni da Hausa da Fulatanci kafin katafila ta shigo.