Ciwon Da Alkama Ke Tayarwa

Yau za mu yi magana a kan wani ciwon ciki wanda likitoci ke kira siliyak. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, sauro kuma ba ya kawo shi. Abinci ne ke ta da shi, watau alkama da sha'ir.

Kun san yadda garin alkama ke yin danƙo in an kwaɓa shi. To, abin da ke kawo danƙon nan shi ake kira gulutin. Yawancin mutane suna cinsa lafiya lau. Amma akwai wanda jikinsa ke ɗaukar gulutin kamar abokin gaba. Da ya ci, sai jikin ya tashi faɗa, faɗan nan kuwa a ƙaramin hanji ake yinsa. Cikin hanjin akwai waɗansu 'yan tsirai ƙanana masu yawan gaske, su ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. Ciwon nan yana cinye su. Sai mutum ya yi ta ci, amma abincin ya wuce a banza.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 burodi ya yi wuya, sai yaran da ke da ciwon suka sami sauƙi. Da burodi ya komo, ciwo ya komo. Ya rubuta bayaninsa a 1950. A ƙasashe da yawa wajen mutum 1 cikin 100 yana da ciwon.

Ga alamunsa: zawo mai daɗewa, kashi mai maiƙo da wari ƙwarai, kumburin ciki, rama, kasala da ƙarancin jini. Yaro kuwa sai ya ƙi girma, ciki ya yi tulu, ɗuwawu su shanye, ya riƙa yawan rigima. Amma fa ku lura, tsutsar ciki da ruwa mara tsabta sun fi kawo irin waɗannan alamu. Saboda haka kada kowa ya yanke wa kansa hukunci. Ku zo ɗakin shan magani, malamin asibiti ya duba. In ya ga dalili zai tura ku babban asibiti a auna jini, wani lokaci har a duba hanjin. Kada ku daina cin alkama kafin awon nan, don in kun daina, awon ba zai nuna gaskiya ba. In an sami ciwon ga mutum guda, ya kamata a auna 'ya'yansa da iyayensa da waɗanda suke ciki ɗaya, gama yana bin jini.

Babu allura ko ƙwaya da ke warkar da shi. Maganinsa guda ne, barin alkama da sha'ir har iyakar rai. Watau ba burodi, ba gurasa, ba taliya, ba fanke, ba alkaki, ba finkaso, ba cincin, ba biskit, ba tuwon semo, ba lemon kwalba irin na malt.

Kada ranku ya ɓaci, abin da ya rage ya fi abin da aka hana yawa. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake da gyaɗa duk babu gulutin a cikinsu. Haka nama, kifi, ƙwai da ganye. Tuwo da miya, fura, koko, alale, duk naku ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alkamar da ke ɓoye. Masu ɗanwake da yawa suna zuba fulawa, waɗansu masu waina ma haka. Ku tambaya kafin ku saya. Ƙosai ba laifi, amma in a man da aka soya fanke aka soya shi, ku bar shi. Injin da ya niƙa alkama yana barin gari a ciki, gara a daka a turmin gida. Uwargida ta ware wa mai ciwon rariyarsa da muciyarsa, ta wanke tukunya sarai. Abincin gwangwani da ɗunƙulen miya, a sa mai karatu ya duba abin da aka rubuta a jiki.

A wurin biki ko suna, kada kunya ta sa ku ci. Ku ce likita ya hana, ba mai jin haushi. Loma guda ma tana ɓata hanji, ko da ba ku ji ciwo a ranar ba. Yaro ɗan makaranta a ɗaure masa abincinsa daga gida, a kuma gaya wa malaminsa.

Wanda ya kiyaye, cikin 'yan makonni zai ga zawo ya tsaya, ƙarfi ya fara komowa. Hanjin kansa yakan ɗauki watanni, ga babba har shekara 2 ko fiye. Da fari madara takan dami waɗansu, sai a rage ta har hanji ya warke. In zawo ya taso, a sha ruwan gishiri da sukari, a zo a gan mu. In an ba ku maganin ƙarin jini, ku shanye shi duka. Jin sauƙi kuwa ba izinin komawa ga burodi ba ne.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.