Mu 'Yan Ina Ne?



Mu 'yan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a bayan badala muka tashi. Iyayen wasunmu daga Haɗeja ko Gumel suka zo, tun garuruwan suna cikin Jihar Kano. A 1991 aka yanke Jigawa. Yau saurayi in ya nemi takardar shaidar asali don shiga jami'a, akan ce ya tafi garin mahaifinsa, inda ba wanda ya san fuskarsa. Mutanen cikin birni kuma baƙo suke ce masa.

To, 'yan'uwa, kada mu yarda a sa mu zaɓi ɗaya. Mu riƙa ziyartar garin iyayenmu, mu kuma nemi haƙƙinmu a unguwar da ta raine mu.