Duba Lafiyar Sassan Jirgin Sama Ba Tare da Lalata Su Ba



Sanin kowa ne maginin gargajiya yakan cuɗa ƙasa da ciyawa don katanga ta yi ƙarko. Irin wannan dabara ce maƙeran jiragen sama suke bi a yau. Sukan ɗauki zaren kabon su jiƙa shi da wani irin ƙaro, su shimfiɗa falle bisa falle, kana su gasa shi cikin tanderu mai matsi, a zafin da yakan kai digiri 180. Abin da ke fitowa ya fi alminiyam rashin nauyi, ga shi ba ya tsatsa. Rabin nauyin jikin Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja cikin shekarar 2011, da irin wannan haɗi aka yi shi.

Amma fa akwai wani hanzari. Ƙarfe in ya bugu yakan lotsa, ido ya gani. Shi kuwa wannan haɗi yana ɓoye ciwonsa. Falle yakan rabu da ɗan'uwansa daga ciki, ko kumfar iska ta maƙale lokacin gashi, alhali waje sumul yake. Ba kuwa zai yiwu a fasa fiffike don a ga cikinsa ba.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta mai sayen tukunya, watau a ƙwanƙwasa a saurara: wuri mai lafiya yana amo garau, mai rauni kuwa muryarsa a dushe take. Wadda aka fi dogara da ita a masana'antu ita ce aika sauti mai tsananin kaifi, wanda kunne ba ya ji, irin na duban mai juna biyu a asibiti. Sautin yakan ratsa cikin kayan, in ya ci karo da rata sai ya dawo da wuri, na'ura ta nuna zurfin aibin da faɗinsa. Akan kuma ɗumama wurin a dube shi da kyamara mai ganin zafi.

A watan Maris na 2005 wani Airbus A310 na kamfanin Air Transat ya tashi daga Baradero ta ƙasar Kyuba, sai sashen wutsiya mai juya akalar jirgin ya ɓalle a sama. Matuƙan suka komo suka sauka, ba a rasa rai ba. Masu bincike na Kanada suka gano cewa mai yiwuwa raunin yana nan tun kafin tashi, kuma tsarin dubawa na lokacin bai isa ya tona irinsa duka ba.

Saboda haka gano aibi rabin aiki ne. Lalle ne kowane sashe ya kasance da lambarsa da kundinsa, a rubuta inda aibin yake, da girmansa, da wanda ya duba, da gyaran da aka yi. Da wannan kundi ne ake gane ko rauni yana ƙaruwa, ake kuma bin sawun sauran sassan da aka gasa tare da shi. Ma'aikacin da ya sa hannu bisa abin da bai duba ba ya yi wasa da rayukan mutanen da bai taɓa gani ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.