Hoton Abin da Ke Tafiya: Jawabi ga Matasanmu



Garinmu Jibiya garin zirga-zirga ne. Motocin kaya na ratsa Magama zuwa Maraɗi, amale na shigowa kasuwar Lahadi, dawaki na sukuwa ranar sallah. Da aka rufe iyaka a 2019, hanya ta yi tsit, hotuna ne suka riƙa tuna mana yadda take a da.

Da yawanmu mun gaji kyamarorin fim masu saita kansu, irin Minolta 7000 ta 1985 da Canon EOS 650 ta 1987. Fim ɗaya hoto 36 ne, saboda haka kowane dishi-dishi asara ce.

A juya kyamara zuwa saitin bibiya, wato AI Servo a Canon, C a Nikon. A ɗora alamar tsakiya kan rawanin mahayi, a danna maɓalli rabi, a bi shi da hannu kafin a ƙarasa dannawa. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/500, fim kuma mai lamba 400. Idan ƙurar hunturu ta rikita kyamara, a saita ta kan inda doki zai bi, a jira shi. Kusa da shingen jami'an kwastan kuwa, sai an nemi izini.

Muna roƙon duk mai tsofaffin hotunan gida ya miƙa wa sakatare, a rubuta shekara da wuri a bayansu, domin 'ya'yanmu da aka haifa a birni su san tushensu.