Bashin gini: wa zai biya, gidan ko gonar?



A Tama, kamar a Buza da Keita da Madawa, burin ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗan ci-ranin Abijan ɗaya ne: a mallaki gida ko shago a birni, a zuba ƴan haya. Burin ba shi da aibi, bashi kuma hanji ne, yana cikin kowa. Tambayar da ya kamata a yi tun kafin a sa hannu a takarda ita ce: daga wace aljihu za a biya?

Tarihin ƙasar nan ya isa darasi. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe saboda basussukan da manya suka ci ba su biya ba, aka kafa Sonibank a gurbinsa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kwano da ƙarfe da duk kayan ginin da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. A waɗannan shekaru ne ma'aikata suka yi ta share watanni babu albashi, har a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wasunsu da filaye a maimakon kuɗi. Wanda ya ɗora bashinsa kacokan a kan albashi ya ga yadda gini ke tsayawa bai kai rufi ba.

Ƙofofin neman kuɗi suna da yawa, ko wace da farashinta. Akwai bankunan kasuwanci, akwai Bankin Gidaje na Nijar da aka buɗe a 2018, akwai Bankin Musulunci ga mai gudun riba, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko. Akwai kuma asusun ajiya da lamuni. A 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen sefa na yammacin Afirka sun tsai da iyakar ruwa a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusu. Kuɗin asusu na jarin wata shida ne, irin na sarin albasa. Wanda ya zuba shi cikin bulo ya ɗaura wa kansa igiya.

Ga misali. A ce ma'aikaci ya karɓi miliyan 5 da ruwan kashi 12, zai biya cikin shekara 5. Ko wane wata sai ya kai jika 111, jimilla ta haura miliyan 6 da rabi. In hayar shagunan da ya gina jika 40 ce, ragowar jika 71 daga bakin iyalinsa za ta fito, kuma banki bai san watan da shago ya zauna babu kowa ba. Wannan lissafi ya kamata a yi da alƙalami kafin a haƙa tushe, a kuma yi shi da kuɗin hayar da ake biya yau a unguwar, ban da wadda ake fata.

Sai batun takarda. Banki ba ya karɓar shaidar baki, takardar mallaka yake nema. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi hukumomin filaye, waɗanda a yau ake samu daga gunduma har ƙauye, domin rubuta ciniki da kyauta da aro da jingina. Fili a birni kuwa sai an tabbatar da takardarsa a ofishin magajin gari, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon labari ba ne a kotuna.

Haɗari mafi girma ga mutanen Majiya shi ne jinginar da gona ko fadama don a yi gini. Ƙasar nan ta sha gumi: tun 1975 ake jera itatuwan dogon yaro don su kare ta daga iska, a Keita kuma tun 1984 aka shiga farfaɗo da faƙo. A jingina, gona tana hannun mai kuɗi yana ci har ranar fansa. Mai ita ya rasa hatsi, ya rasa abin biya, ƴaƴansa su gaji shari'a.

Hanyar da ta fi tsira ita ce ta sannu. A sayi fili da kuɗin kai ko na adashi, a yi masa takarda, a gina ɗaki biyu da abin da damina da ci-rani suka kawo. Bashi ya shigo daga ƙarshe, don rufi da ƙofofi, lokacin da mai haya ya riga ya tsaya a bakin ƙofa. Hukuma ita ma da nata: muddin takardar mallaka tana cin watanni da kuɗin da talaka ba shi da su, lamunin gida zai ci gaba da zama na ƴan tsiraru a Yamai.

Allah ya sa a gina a shiga da rai da lafiya. Wassalam.